Ƙafar Sanusi Da Gwiwar Lawali

A duk shekarun da na yi ina aikin malamin wasanni, ranar da ta ƙi fita kaina ita ce ranar da aka tara dattawa a rumfar Alhaji Nomau, a Gidan Rumji, don a tattauna a kan ƙafar mutum ɗaya. Na halarci taro a kan rijiya, na halarci taro a kan rufin aji da iska ta yaye, amma taron ƙafa wannan ne na farko, kuma har na ajiye aiki ban sake ganin irinsa ba. Tun da ku sababbin malamai kun matsa sai na ba ku labari ɗaya daga cikin aikin nan, to wannan zan ba ku.

Ga wanda bai san tsarin ba, in an rufe lakol, wato makaranta, an shiga babban hutu, akan shirya gasar ƙwallon ƙafa tsakanin gundumomi. Kowace gunduma ta tsinto 'yan wasa daga garuruwanta, a ɗora wa malamin wasanni na kwaleji nauyin horar da su, sannan a kafa kwamiti na masu hali da masu baki, su ne ke sayen riguna da man mota. Ni mutumin Gazawa ne, aiki ya kai ni Gidan Rumji, ana kirana Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakol a wajenmu. Shugaban kwamitinmu shi ne Alhaji Nomau, ɗan kasuwar hatsi. Bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, amma hakan bai taɓa hana shi sanin abin da ya kamata a yi a fili ba.

'Yan wasana kusan duk manoma ne, gasar kuma tana faɗowa tsakiyar damina. Da safe suna gona, sai bayan la'asar su iso fili, wani a babur, wani a amalanke, wani da laka har gwiwa. A cikinsu mutum biyu ne ƙarfinmu.

Na farko Lawali, ɗan Sae Sabuwa, shi ne kapitan, wato shugaban 'yan wasa, lamba takwas a tsakiyar fili. Ba shi da gudu, ba shi da yawan magana, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka ga kowa ya natsu. Ya daɗe yana buga wa gunduma, kofi bai taɓa zuwa hannunsa ba, kuma ya riga ya faɗa mini cewa wannan daminar ce ta ƙarshe, don gona da iyali sun fara yi masa yawa. Na biyu Sanusi, ɗan Cadakori, ɗan kabu-kabu mai ɗaukar fasinja a babur, lamba tara a gaba, shi ne mai zura ƙwallo a raga. Siriri ne mai tsiwa, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ƙafar kuwa ba ta wasa ba ce.

Yadda suke aiki ba wani asiri ba ne. Lawali zai tare ƙwallo ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa cikin na Sanusi, Sanusi ya kwarma ihu, "Lawali! Nan, malalaci!" Kafin ya rufe baki ya riga ya wuce 'yan baya, ƙwallo ta same shi a guje. In ya zubar, Lawali ya bi shi da "jaki", shi kuma ya rama da "tsoho", a koma tsakiya a sake. Da wannan zage-zagen suka yi damina biyu suna ci mana wasa, har sunan Sanusi ya kai birni.

Da ranin da ya gabaci gasar da nake ba ku labari, Sanusi ya auri Rabi, ƙanwar Lawali. Mahaifinsu ya rasu tun tana ƙarama, Lawali ne ya riƙe ta, shi ne kuma waliyyin da ya ba da aurenta. Na je ɗaurin auren a Sae Sabuwa, na ci tuwo na ƙoshi, na dawo ina murna. A lissafina, mutum biyu da suke fahimtar juna a fili yanzu sun zama 'yan gida ɗaya, abin da ya rage mana kawai shi ne neman inda za mu ajiye kofi.

Aka fara gasa, Sanusi ya daina ci. Wasan farko muka ce bai warware ba tukuna. Na biyu muka ce filin ne yashi ya yi masa yawa. Na uku muka rasa abin cewa. Muna hayewa dai da ƙyar, yau ɗan baya ya ci mana da ka, gobe abokan karawa su taimaka su ci kansu, amma lamba tara ko sandar raga bai daka ba. Abin da ya ƙara tayar da hankali shi ne, wani kulob na birnin Maradi, mai ba 'yan wasansa wurin kwana da albashi, ya aiko cewa mutuminsa zai zo wasan kusa da na ƙarshe don ya ga Sanusi da idonsa. Ga ɗan kabu-kabun da babur ɗin ma ba nasa ba ne, ga sabon aure, ga shekaru sun fara ja, irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. In bai ci a gaban mutumin nan ba, ko kuma aka ajiye shi a benci, shi ke nan, ya koma tasha yana jiran fasinja.

Wannan ya jawo taron da na fara ambata. Alhaji Nomau ya buɗe da addu'a, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Mushe, mi ya samu ƙahwar yaron ga?"

Na ce ƙafa lafiyarta lau, likita ya duba ya murɗa ta gabas da yamma bai ga komai ba. Wani dattijo ya ce amarci ne, kowa a nan ya taɓa yin ango, ya san abin da yake yi wa gwiwa. Wani ya ce baki ne, yaro ya yi suna da wuri. Na uku ya ce takalmi ne, ya ga na Sanusi ya buɗe baki ta gaba. Aka yi ta ja har aka kira magariba. A ƙarshe aka yi abin da kwamiti ya saba yi in ya kasa zaɓe, aka amince da duka ukun.

Alhaji ya aika kasuwar Jibiya aka sayo takalmi sabo fil. Aka karɓo rubutu a galan. Batun amarci kuwa, aka yanke cewa a raba ango da ɗakinsa har a gama gasa, amma don kada a ce an nuna shi da yatsa, sai aka ce duk 'yan wasa su kwaso tabarminsu su tare a ajin kwaleji, har da ni da ban yi aure kwanan nan ba. Sanusi ya sha rubutu, ya sa takalmi, sauro ya ci rabonsa, ya fito wasa na gaba ya zubar da ƙwallon da ko Alhaji Nomau da babbar rigarsa zai iya ci.

Zaman ajin nan dai bai tafi a banza ba, don shi ya sa na fara ganin mutanen nan a wajen fili. In an ajiye tiren shinkafa Lawali ya zauna, sai Sanusi ya ɗebi nasa a kwano ya zaga bayan aji. In Lawali ya shigo ɗaki, Sanusi ya tuna yana da wanki. Da safe zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa kansa a ƙasa, Lawali kuma ya amsa yana kallon bango. Ban ga abin mamaki a nan ba, haka kowane ɗan gidan mutunci yake yi wa wanda ya ba shi mata. Ni ma haka na riƙa yi wa nawa surukin, har ya koma ga Allah ban san kalar idonsa ba.

Sai wata la'asar, maimakon in tsaya a gefen fili inda na saba, na koma bayan raga na tsaya, inda nake ganin fuskokin masu tahowa. Lawali ya tare ƙwallo ya ɗaga kai kamar kullum. Daidai nan Sanusi ya sunkuyar da nasa. Babu ihu, babu kira. Sai da ya ji ƙarar bugu sannan ya tashi da gudu, lokacin kuwa ɗan baya ya riga ya gyara tsayuwa. Da ƙwallon ta iso gare shi a karo na gaba, bai dake ta ba. Ya tare ta a hankali, kamar mai karɓar goro daga hannun babba, ya ɗan jinkirta, sannan ya mayar wa Lawali abarsa. Lawali kuma, mutumin da da can zai kira shi jaki gari ya ji, ya dubi gefe ya ce, "Sannu da ƙoƙari."

Da aka tashi na ja Sanusi gindin dalbejiya.

"Sanusi, me ya hana ka kiran ƙwallo?"

"Ina kira, Mushe."

"Wa kake kira?"

Ya sunkuya yana murza igiyar takalmi.

"To faɗa mini, wane ne lamba takwas ɗinmu?"

"Yaya ne."

"Sunansa fa?"

Ya yi ɗan murmushi. "Haba, Mushe."

Na yi masa jawabin da aka koya mana a makarantar horon malamai, cewa a fili babu yaya babu suruki, kowa lamba ce a bayan riga. Ya saurare ni har ƙarshe, don yaro ne mai ladabi, abin da ma ya jawo mana wahalar ke nan. Sannan ya ce, "Mushe, hili awa ɗaya da rabi ne. In an tashi, gidanai za ni gaisuwa ran Juma'a. Mutumin ga ya ba ni mata bai ko tambaye ni babur ɗin na wane ne ba. Da wane baki zan tsaya gaban jama'a in ce mai malalaci?"

Na ce to kada ya zage shi, ya dube shi kawai. Ya ce ai duban ya fi zagin nauyi.

Na koma wajen Lawali, na same shi yana alwala. Shi ko sunan Sanusi ba ya kamawa.

"Mushe, ni ban hana yaron ga komi ba."

"To ka ce masa ya riƙa kiranka kamar da."

"In ce mai ya kira sunana cikin taro? Na zubar mai da mutunci ke nan, na zubar da nawa. Rabi ta ji mi a gari?"

"Ka riƙa dubansa, aƙalla."

"Ina duban wajen da shike."

Na tambayi golanmu, wato mai tsaron raga, ko ya lura da wani abu. Ya ce ai kowa ya sani tun wasan farko. Na ce me ya sa ba wanda ya faɗa mini? Ya ce, "Ai ba abin hwaɗi ba ne, Mushe." Da na kai wa Alhaji Nomau bayani kuwa, sai ya jinjina kai, ya ce, "Yaro mai tarbiyya, Allah shi yi mai albarka. Amma dai shi ci balo, ƙwallo ta shiga raga."

Daga nan na shiga aikin da yake nawa, wato neman wanda zai tsaya kusa da Sanusi. Na fara da mayar da Lawali baya, can kusa da gola, don a sami tazara. Lawali bai yi musu ba, sai dai ba shi da gudun tare 'yan gaba, kuma ƙwallo ta daina isa gaba kwata-kwata. Sanusi ya yini yana tsaye shi kaɗai kamar mai jiran mota. Na gwada wani ɗalibina mai gudun tsiya, wanda tun da nake da shi ban taɓa ganin ya ba wani ƙwallo da son ransa ba. In ta shiga ƙafarsa sai dai a yi mata addu'a. Na gwada wani ma'aikacin buro, wato ofis, mai son bayani, wanda in Sanusi ya yi kuskure sai ya tsayar da wasa ya nuna masa da yatsa inda ya kamata ya bi. Sanusi ya ce in an sake haɗa su, ɗayansu zai kwana a asibiti.

Sai na tuna yadda ake yi a gida. Suruki da suruki ba sa magana baki da baki, ɗan aike ake sawa a tsakani. Na ce bari mu yi haka a fili, Lawali ya ba wani, wanin ya ba Sanusi. Wanda na zaɓa shi ne Idi, ɗan kawun Sanusi, wato taubashinsa. Kun san tsakanin taubasai babu kunya, zagi ma haƙƙi ne, wanda bai yi ba shi ya ci zumunci. Idi ba gwani ba ne. In ya buga ƙwallo shi kansa yakan tsaya ya ga inda za ta. Amma ya san gudun Sanusi tun suna yara suna korar awaki, kuma ba ya jin nauyin kallon tsakar idonsa. Dabarar ta ɗan motsa, sai dai saƙo ta hannun ɗan aike ba ya sauri. Kafin ƙwallo ta bi ta wajen Idi ta iso, 'yan baya sun taru sun gaisa. Kuma muddin Lawali yana inda zai ji, Sanusi ko Idin ba ya iya ɗaga wa murya.

Ana haka aka yi ruwa mai kyau, Lawali ya nemi izinin kwana ɗaya ya tafi Sae Sabuwa, ciyawa ta kama masa gero. A wannan la'asar ɗin na ga Sanusin da na sani. Tun daga bugun farko ya buɗe murya, "Idi! Nan, makaho!" Idi ya ce, "Karɓi, bawana, in kana da ƙahwa!" Ya dinga zura ƙwallo har gola ya cire safar hannu ya ce shi ma ɗan mutane ne. Kashegari Lawali ya dawo, fili ya koma tsit. Da ana shan shayi wani mai dogon baki ya ba da labarin abin da ya faru jiya. Lawali ya saurara, ya kurɓi shayinsa.

Nan lissafi ya fito fili, kuma bai yi mini daɗi ba. Ba tazara ce matsalar ba, ba ɗan aike ba. Muddin Lawali yana wurin, Sanusi ba zai ci ba. In na cire Lawali, tsakiyarmu ta zama hanyar kasuwa, kowa ya bi ya wuce, kuma na hana mutum wasansa na ƙarshe ba da laifin komai ba. In na cire Sanusi, na rufe masa hanyar Maradi da hannuna. Na kai wa kwamiti, wannan karon ba a daɗe ba. Alhaji ya ce, "Kapitan ba shi hita. Yaron ga a ba shi rabin hwarko. In bai ci ba, a hidda shi." Ban yi gardama ba, don in maganar kofi ake yi, Alhaji ne da gaskiya. Lawali ya fi mana amfani. Na dai rubuta Idi cikin 'yan benci, ban san ma dalili ba.

Wasan kusa da na ƙarshe a garin Agye aka yi shi, kuma Allah ya haɗa mu da Gazawa, garinmu. Filin yana da katanga, motarmu aka ajiye ta waje. Mutumin Maradi ya zo, aka sa masa kujera a inuwa, yana sanye da hular hana sallah. Rabin farko Lawali ya riƙe tsakiya kamar gonar gado, 'yan Gazawa suka rasa ta inda za su bi. Sau ɗaya ya tsaga 'yan bayansu da wata ƙwallo da har 'yan kallon can ɓangaren suka yi kabbara. Ta sami Sanusi shi da gola. Ya tare ta, ya jinkirta, ya waiwaya neman mai ita. Na dubi mutumin Maradi na ga ya ciro wayarsa yana latsawa. Aka tafi hutun rabin lokaci babu wanda ya ci.

Alhaji Nomau ya tako har inda muke, ya ce, "Mushe, alkawali." Na ce wa ɗalibina mai gudu ya tashi ya motsa jiki. Sanusi bai jira a faɗa masa ba, ya koma gefe ya zauna a ƙasa, ya fara kwance igiyar sabon takalminsa. Gaskiya na ji tausayin yaron har cikin raina, amma ba ni da abin yi masa.

Sai ga Lawali a gabana.

"Mushe, gwiwata."

"Wacce?"

Ya dubi ƙafafunsa biyu kamar mai zaɓen akuya a kasuwa, ya nuna ta dama. Na ce bari a kira mai ba da agaji ya duba. Ya ce irin wadda ba ta dubuwa ce. Na rage murya na ce, "Lawali, ka san abin da zai faru a tsakiya in ka fita."

"Na sani. Sa Idi."

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, Lawali ya juya gare shi ya ɗan rusuna. "Alhaji, a bar yaron ga shi ida wasa." Shekara da shekaru yana buga wa gunduma bai taɓa roƙon kwamiti ko ruwan sha ba, don haka Alhaji ya rufe bakinsa. Lawali ya zare ƙyallen kapitan daga damtsensa ya miƙa wa gola. Bai zauna a benci ba, don ya san benci da fili duk ɗaya ne. Ya nufi ƙofa yana ɗingishi da ƙafar hagu, ya fice bayan katanga.

Da aka dawo, Sanusi ya tsaya a tsakiya yana duban benci, yana duban 'yan kallo. Idi ya dake shi a ƙeya ya ce, "Mi kake biɗa, bawana? Ya tahi. Buɗe bakinka." Ba a daɗe ba na ji muryar ta tashi, har 'yan sayar da rake suka waiwayo. Idi ya buga wata ƙwallo da na tabbata ba can ya nufa ba, Sanusi ya riga kowa isa, ya dake ta da hagu, raga ta motsa. Mutumin Maradi ya mayar da waya aljihu.

Sauran kuwa ya tafi yadda na faɗa. 'Yan Gazawa suka gano tsakiyarmu babu mai gida, suka bi ta nan suka rama, suka ƙara. Sanusi ya farke da ka, yana zagin Idi tun kafin ya sauko ƙasa. Ana dab da tashi suka sake bi ta tsakiyar nan suka ci na uku. Alƙalin wasa ya busa, an fitar da mu, uku da biyu. Mutumin Maradi ya taso da kansa ya kama hannun Sanusi ya ja shi gefe. Alhaji Nomau ya ce dama ya san ba a ba ɗan Gazawa amanar wasa da Gazawa, kuma bai sake amsa gaisuwata ba sai da aka yi girbi.

Na fita bayan katanga. Na sami Lawali zaune a ƙasa ya jingina da tayar mota, takalmansa a gefe, rigar wasa tana jikinsa.

"An fitar da mu," na ce.

"Na ji."

"Mijin Rabi ya ci biyu. Ga shi can mutumin Maradi yana magana da shi."

Ya gyaɗa kai. Na ce ashe ana jin wasan daga nan. Ya ce, "Wasan ban ji ba, shi dai na ji. Rabona da muryar ga tun ranar ɗaurin aure." Ya ja gefen riga ya share fuska, ya daɗe yana sharewa, ni kuma na dubi taya kamar akwai abin dubawa. Mutumin nan ya san wasa ɗaya ya rage tsakaninsa da wasan kofi, ya san ba zai sake sa rigar nan ba, ya kuma zauna bayan katanga yana jin ana bi ta wurin tsayuwarsa ana cin mu.

Da na juya zan tafi ya kira ni. "Mushe, gwiwar ga ciwo take. In wani ya tambaye ka, haka za ka ce. In yaron ga ya ji wani zance daban, ba shi zuwa Maradi, gidana zai zo shi durƙusa shi ce bai iya ɗauka ba." Na ce na ji. Na kuma ba shi shawara, tun da gwiwar dama ya nuna wa jama'a, ya daure ya riƙa ɗingishi da dama.

Haka ya yi. Duk Juma'ar da Sanusi ya je gaisuwa Sae Sabuwa, Lawali zai fito da ɗingishi ya amsa yana kallon bango, har aka gama kaka Sanusi ya tattara ya tafi birni. Lawali bai sake taɓa ƙwallo ba, ko ta yaran unguwa in ta gangaro gabansa sai ya kauce mata. Sanusi ya buga wa kulob ɗin shekaru, bai zama wani shahararre ba, amma ya riƙe gidansa da ƙafarsa, ya kuma sayi babur na kansa.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne wannan. A makaranta an koya mana jera 'yan wasa a allo da alli, wannan a nan, wancan a can, kamar ba su da dangi. A garuruwanmu ɗan wasa da gidansu yake shiga fili, da wanda yake jin kunya da wanda yake iya zagi. Don haka kafin ku raba riguna, ku zauna ku ga wa ke cin abinci da wa, wa ke tashi in wa ya shigo, ku tambayi auren da aka ɗaura da rani. Kuma kada ku jira a faɗa muku, mutanenmu abin da ya fi nauyi shi ne ba sa faɗa.

Ko Sanusi ya yarda da ciwon gwiwar nan, ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa tambayata ba. Na san dai albashinsa na farko da ya karɓa, ya shiga farmasi ya sayi man shafawa mai tsada, ya ba Rabi ta kai wa yayanta, ya ce a ce masa yana gaishe da mai jiki. Lawali ya karɓa ya ce an gode. Rabi ta ce a gabanta ya naɗe wando, ya shafa a gwiwar dama, kullum safe da yamma, har kwalbar ta ƙare.